Yarona ya tsinto ƙadangare mai ƙaho a Texas, yaya zan kiwata shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a Lubbock, yammacin jihar Texas ta Amurka. Yau kwana huɗu ke nan ɗana mai shekara tara ya tsinto wani ɗan ƙadangare mai faɗin jiki da ƙahoni a ƙeya, a wani fili bayan unguwarmu. Mun sa shi a roba, mun ba shi latas da gyare da ruwa a murfin kwalba, ya ƙi taɓa komai. Yaron ya ƙwallafa rai a kansa. Wane irin gida zan yi masa, me zan ba shi, yana da dafi? Kuma an ce min tururuwa yake ci, to idan mun gama zamanmu za mu iya tahowa da shi Najeriya, tunda tururuwa ba ta yankewa a wajenmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaro, ya yi masa albarka. Zan fara da abin da ba zai yi muku daɗi ba, kai da shi. Wannan da ke cikin roba, ku mayar da shi inda aka ɗauko shi, gobe da hantsi in Allah ya kai mu. Dalilai biyu ne, kowanne ya isa shi kaɗai: doka ta hana ka riƙe shi, kuma ko da ba ta hana ba, a roba mutuwa zai yi. Sauran tambayoyinka duk zan amsa su, har da yadda ake kiwon irinsa ga wanda ya samo shi ta halal, domin in ka ga nauyin aikin za ka fi fahimtar abin da ya sa na ce haka.

Ka duba shi da kyau tukuna. Idan akwai ƙaho biyu dogaye a tsakiyar ƙeya da suka fi sauran tsawo, da farin layi da ya bi tsakiyar baya daga wuya zuwa wutsiya, da jeri biyu na ƙananan ƙayoyi a kowane gefen ciki, da baƙaƙen zane da suka taso daga ido, to ɗan Texas ne, wanda masana ke kira Phrynosoma cornutum. A yankinku shi aka fi gani. Danginsa sun kai nau'i ashirin da ɗoriya, daga kudancin Kanada har Guwatemala, yawancinsu a Meziko da yammacin Amurka, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke rayuwa a Afirka.

Tun 1967 majalisar jihar Texas ta hana kama shi don sayarwa da fitar da shi daga jihar. A 1977 aka sa shi cikin jerin dabbobin jihar da ke fuskantar barazana, a 1993 kuma aka ayyana shi a matsayin dabba mai jan ciki da ke wakiltar jihar. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne ba a kama shi, ba a ajiye shi, ba a sayar da shi, ba a ɗauke shi daga wuri zuwa wuri sai da takardar izinin Texas Parks and Wildlife, hukumar jihar mai kula da namun daji, kuma ba a ba da wannan takarda don kiwon sha'awa. Akwai tara. Ban faɗi haka don in tsorata ka ba, yaro ya tsinto abu ya kawo gida ba wani abin mamaki ba ne, iyayen maƙwabtanka ma haka suka yi suna yara. Wannan ɗin ma yana cikin abin da ya rage su. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce yara kan kamo su a saye a hannunsu da 'yan kuɗi kaɗan, a cika kwalaye da su a aika jihohin gabas, su mutu cikin 'yan makonni, a sake yin oda.

Batun ƙin cin abinci kuwa, a nan duk maganar take. Latas dai ba abincinsa ba ne ko kusa. Abin da ya ginu a kai shi ne jar tururuwa mai tara ƙwayar ciyawa, ta jinsin Pogonomyrmex. A yawancin wuraren da aka bincika kashinsa, ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da yake ci. Wani ɗan'uwansa na hamadar Arizona, Phrynosoma solare, ya ma fi shi dogaro da ita. Babba kan haɗiye tururuwa 70 zuwa 100 a yini mai kyau. Ka ɗauki 70 kawai ka lissafa: 2,100 ke nan a wata, kusan 15,000 daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma duk da ransu, domin ba ya kallon abin da ba ya motsi. Mai kiwon wannan dabba a gaskiya aikin samo tururuwa yake yi, ƙadangaren kuwa sauƙinsa ya fi.

Jikinsa duka don wannan abinci aka tsara shi. Tururuwa ƙaramin abu ce mai yawan ɓawo da ƙarancin amfani, dole a ci da yawa, shi ya sa tumbinsa ya kai kusan kashi 13 cikin 100 na nauyin jikinsa, abin da ya zarce na sauran ƙadangaru nesa ba kusa ba. Mai irin wannan tumbi ba zai iya gudu ba, sai ya dogara da launin da ya saje da ƙasa da ƙayoyi da lafewa. Haƙoransa gajeru ne dakusassu, ba ya tauna. Yakan tsaya a gefen hanyar tururuwa, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da ɗan gajeren harshe mai danƙo, ya haɗiye. Ita wannan tururuwa kuwa ba abar wasa ba ce, dafin wasu daga cikin jinsinta yana cikin mafiya ƙarfi da aka auna a ƙwari. Wade Sherbrooke, wanda ya shafe shekaru yana nazarin waɗannan dabbobi a Arizona, shi da abokan aikinsa sun nuna abubuwa biyu: a maƙogwaronsa akwai wani yauƙi mai kauri da ke nannaɗe tururuwa kafin ta samu damar cizo ko harbi, kuma a jininsa akwai abin da ke karya ƙarfin dafin. To ka ba mai irin wannan baki ƙaton gyare mai tsalle. Ko dai ya kasa kama shi, ko ya haɗiye ya amayar, ko ya tsaya masa a ciki. Gyaren da ya kwana a roba kuma shi ne zai koma yana gaigayar ƙadangaren da dare, don haka ka fitar da su yanzu.

Gaskiya ba jar tururuwar kaɗai yake ci ba. Masu bincike na jami'ar TCU (Texas Christian University) da ke birnin Fort Worth sun duba waɗanda suka rage a cikin ƙananan garuruwan kudancin Texas, irin su Kenedy da Karnes City, suka tarar gara da ƙananan kiyashi ne suka fi yawa a abincinsu. Jarirai ma da ƙananan kiyashi suke farawa, jar tururuwa ta fi ƙarfin bakinsu. Amma ka lura, duk abu ɗaya ne: ƙanana, masu yawa, masu rai, kullum.

Ruwan da ke murfin kwalba ma bai san shi ba. A daji, idan aka yi yayyafi, yakan ɗaga bayansa ya baje jiki ya sunkuyar da kai. Tsakanin ɓawon fatarsa akwai siraran hanyoyi da ke jan ruwa daga baya har zuwa gefen baki, sai ka ga yana motsa muƙamuƙi yana haɗiya. Kafin ku sake shi ka samu kwalbar feshi mai tsabta wadda ba a taɓa zuba sabulu ko wani magani a ciki ba, ka fesa masa ruwa mai ɗan ɗumi sama-sama. Wannan shi ne taimako mafi girma da za ka yi masa a daren yau. Ka zuba masa ƙasa busasshiya daga filin nan, kaurin yatsu uku, don ya binne kansa, kuma kada ka ajiye robar a rana, minti kaɗan ya isa ta dafa shi.

Sakin ma yana da ƙa'ida, domin a halin da ake ciki ya zama ƙadangaren bakin tulu: a riƙe shi ya mutu, a yar da shi ko'ina ya mutu. Dabba ce mai sanin unguwarta. Ya san gidajen tururuwar da yake zagayawa, ya san inuwar da yake fakewa da rana da inda ƙasa take da laushin tonawa. Da hukumar jihar ta gwada ɗebo manya daga wani wuri tana zubawa a wani, da yawansu masu farauta ne suka cinye su. Saboda haka yaron ya nuna maka ainihin wurin. Ku je da hantsi, rana ta ɗumama ƙasa amma ba ta yi zafi ba, ku ajiye shi a gindin wani ɗan kurmi ko tushen ciyawa, kusa da hanyar tururuwa amma ba a kan gidanta ba, ku ja da baya. Gidan jar tururuwa ba ya ɓuya: fili ne zagayayye da suka share tas, faɗinsa kan kai mita ɗaya ko fiye, da ƙananan tsakuwa da rami a tsakiya. Yaro ya sa takalmi rufaffe, harbinta na sa babba ma ya yi ƙara. Idan kuwa ka ga rauni a jikinsa, ko idanunsa sun faɗa, ko ƙasusuwan ƙugunsa sun fito, kada ka sake shi. Ka kira Texas Parks and Wildlife, suna da jerin masu lasisin jinyar namun daji na kowace ƙaramar hukuma, kuma a can Lubbock akwai cibiyar South Plains Wildlife Rehabilitation Center.

Dafi ba shi da shi, cizo ma da wuya ya yi. Abin da ke firgita mutane shi ne jinin da yake fesowa daga gefen ido. Yana toshe jijiyoyin da ke mayar da jini daga kai, jinin ya taru ya kumbura a kewayen ido har ya tsarto, wani lokaci ya yi nisan mita ɗaya da rabi. Karnuka da dangin dila ya tanadar wa wannan, domin jinin yana da mugun ɗanɗano a bakinsu, kuma ana danganta hakan da tururuwar da yake ci. Ga mutum ba ya komai, a wanke kawai. Abin da ya kamata ka kula da shi shi ne ƙwayar cutar salmonela, wadda kowace dabba mai jan ciki kan iya ɗauke da ita, don haka a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi ko robarsa, kuma kada a wanke robar a inda ake wanke kwanuka. Wani abu kuma: yaran Texas kan kwantar da shi rigingine su shafa cikinsa, ya yi lamo, su ce barci yake yi don daɗi. Tsoro ne ya sandarar da shi. Lafewar da ka gani a roba ma ita ce, ba sabo ba ne.

Za ka iya jin wani ya ce maka ai wannan dabba ba ta mutuwa, ya kawo maka labarin Old Rip. A garin Eastland na Texas, an ce an rufe wani ƙadangare mai ƙaho cikin dutsen harsashin ginin kotu a 1897, da aka rushe ginin a 1928 aka fito da shi da rai bayan shekara 31. An yi ta yawo da shi har gaban Shugaban Amurka Calvin Coolidge, gawarsa tana nan a ɗan akwati a kotun har yau. Ni dai a ganina wani mai wayo ne ya zo da sabo a aljihu. Abin da babu gardama a kansa shi ne bai cika shekara ɗaya a hannun mutane ba, a Janairun 1929 ya mutu.

To idan mutum ya nace sai ya yi kiwon ƙadangare mai ƙaho fa? Ana yi, amma ba da ɗan Texas ba, kuma ba da na daji ba. Shekaru da yawa wanda ya cika shagunan dabbobi shi ne na hamada, Phrynosoma platyrhinos, wanda ake kamowa daga jihar Nevada a sayar da arha, mafi yawansu kuma ba sa daɗewa. Nevada ta rufe kamun dabbobi masu jan ciki don kasuwanci daga farkon 2018. Wanda masu kiwo na gaske suka fi samun nasara da shi shi ne babban na kudancin Meziko, Phrynosoma asio, domin cin sa ya fi faɗi, yana karɓar ƙananan gyare da 'ya'yan kyankyaso, kuma ana hayayyafa shi a hannu. Ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo, da takarda, kuma ka ga yana ci da idonka kafin ka biya. Ka tabbatar da sunan kimiyyar abin da ake sayar maka. Akwai wani ƙadangare mai ƙaho na duwatsun kudu maso gabashin Asiya, Acanthosaura, ɗan kurmi mai son danshi da sanyi da hawa reshe. Wanda ya saye shi ya yi masa gidan hamada ya kashe shi, haka ma akasin haka.

Gidan, faɗin ƙasa ake nema ba tsayi ba. Akwatin gilashi mai tsawon santimita 90 zuwa 120 da faɗin 45 zai ɗauki ɗaya ko mace da namiji. Maza biyu ba a haɗa su. Murfin ya zama na raga don iska ta ratsa. A rufe ɓangarori uku da takarda daga waje, domin bai san gilashi ba, zai yi ta gogar hanci a jiki har ya ji ciwo. A ƙasa a zuba yashi wankakke gauraye da ƙasa marar taki, kaurin santimita 8 zuwa 10, saboda da yamma yakan girgiza jiki ya nutse a ciki, a nan yake kwana. Kusurwa ɗaya a riƙa jiƙa ƙarƙashinta kaɗan, saman ya kasance a bushe. Yashin kalsiyam mai launi da ake tallatawa a shaguna, ka bar musu kayansu, yana dunƙulewa a ciki. Duwatsu a dasa su a kan gindin akwatin kafin a zuba yashi, in ba haka ba zai tona ƙarƙashinsu su danne shi.

Zafi a gefe ɗaya ake sa shi. Ƙarƙashin fitila, saman yashi ya kai digiri 38 zuwa 43 a ma'aunin Selshiyas, wato 100 zuwa 110 a na Farenhait da kuke amfani da shi a can. Ɗaya gefen ya tsaya a 24 zuwa 27, shi da kansa zai riƙa kai da komo yana daidaita jikinsa. Da dare a kashe komai, ya sauka zuwa 18 ko 21. Da sanyin jiki ba ya ci, in ma ya ci ba ya narkewa, kuma ɗakin da na'urar sanyaya iska ke aiki yini guda sanyi ne a wajensa. Kada ka yi aiki da ƙiyasi, ka sayi ma'aunin zafi irin mai kama da bindiga da ake haskawa a kan yashi. Dutsen nan mai ɗumama da lantarki kuma kada ya shiga gidan, ƙona ciki yake yi.

Fitila ta biyu ita mutane ke raina wa, ita ce kuma ke kashe musu dabba a hankali. Yana bukatar hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, don fatarsa ta sarrafa bitamin D3, wanda sai da shi jiki ke ɗaukar kalsiyam. In babu, ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su riƙa rawa, daga nan sai shanyewa. Dogon ƙwan fitila ake saya irin T5 mai ƙarfin kashi 10 zuwa 12, na dabbobin hamada, a ɗora a nisan da kamfanin ya rubuta, a kunna awa 12 zuwa 14 a lokacin zafi. Gilashi yana tare wannan haske, don haka ajiye akwati a bakin taga ba ya ba da komai sai zafi. Ƙwan kuma ƙarfinsa na raguwa tun yana ci gaba da haske, a canza shi tsakanin wata shida da shekara, gwargwadon irinsa.

Ciyarwa da safe ake yi, bayan ya sha zafi kamar awa ɗaya. A Amurka akwai masu sayar da jar tururuwa ta gidan waya. Ana ajiye ta a firji, ba a wajen ƙanƙara ba, sanyin ya kashe mata jiki, a riƙa ɗibar biyar zuwa goma ana zuba masa, in ya cinye a ƙara. Kada a juye da yawa lokaci ɗaya. A fili in sun taso masa guduwa yake yi, a akwati kuwa ba inda za shi, za su yanyame shi. Wanda zai ɗebo daga daji ya nisanci duk inda aka zuba maganin ƙwari, kuma ya iya bambanta jar tururuwa da cinnakar wuta, Solenopsis invicta, wadda ta shigo daga Kudancin Amurka ta tashar jiragen ruwan Mobile a jihar Alabama cikin shekarun 1930. Ita ba abinci ba ce, abokiyar gaba ce: tana kashe jariran ƙadangaren, tana korar tururuwar asali, maganin da aka yi ta watsawa don a kashe ta kuma ya haɗa da tururuwar da ƙadangaren ke ci. Wannan da noma da gine-gine da tituna su suka share shi daga yawancin gabashin Texas. Busasshen yammaci irin naku ne ya rage masa.

Abin da za a haɗa masa da shi, gyare ne 'yan ƙanana da 'ya'yan kyankyaso da gara, kowanne kada ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa, a barbaɗa musu garin kalsiyam sau biyu ko uku a mako. Ƙwaron nan mai walƙiya da dare kada ya kusance shi, guda ɗaya na iya kashe ƙadangare. Za ka ga ana sayar da wani gari mai sinadarin fomik, wanda wasu tururuwa ke fitarwa daga jikinsu, ana cewa in ka barbaɗa a kan gyare ya maye gurbin tururuwa. Ni ban gamsu da wannan hujja ba, domin ita Pogonomyrmex ɗin ba ta cikin reshen tururuwar da ke sarrafa wannan sinadari, harbi take yi da dafi. A matsayin kalsiyam garin ba laifi. A matsayin dalilin daina sayen tururuwa ga nau'in da ya dogara da ita, a'a.

Lafiyarsa a sikeli ake gane ta da kuma kashi. Ka auna shi duk mako a ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ka rubuta. Dabba ce mai ɓoye ciwo, kuma tana kumbura jiki da iska in an taɓa ta, sai ka zaci ƙiba ce. Kashin mai lafiya dunƙule ne mai ɗan tsawo, baƙi, da farin abu a gefe ɗaya, in ka murtsuke shi ka ga kawunan tururuwa. Na daji da yawa suna ɗauke da wata tsutsar ciki, Skrjabinoptera phrynosoma, wadda ta jikin tururuwar take shiga. A daji suna zaune lafiya da ita, amma in wahalar kamu ta raunana dabbar sai tsutsar ta fi ƙarfinta. Don haka tun kafin a sayi dabba a nemo likitan da ya san masu jan ciki, yawancin asibitocin dabbobi karnuka da kyanwoyi suka sani.

Sai kwanciyar sanyi. Na arewa, irin ɗan Texas da na hamada, daga wajen Oktoba suke binne kansu a ƙasa, ba sa fitowa sai Maris ko Afrilu. A hannu ana daina ba su abinci kamar mako biyu fitila na kunne don ciki ya zazzage, sannan a rage zafi sannu a hankali zuwa digiri 10 ko 13, su yi wata biyu zuwa uku. Wanda ya kwanta da abinci a ciki ruɓewa zai yi masa, ramamme kuma ba zai tashi ba. A nan ko ƙwararru sukan yi asara. Na kudancin Meziko ba ya bukatar sanyi mai tsanani haka, wannan ma yana cikin abin da ya sa ya fi sauƙi.

Ka dubi masu yin abin da gaske. Gidan namun daji na Fort Worth shi ya fara hayayyafa ɗan Texas a hannu, kuma tun 2017 ake kai jariran ana saki a gandun Mason Mountain tare da hukumar jihar da jami'ar TCU. Mace kan saka ƙwai daga goma sha zuwa talatin da wani abu a rami, su ƙyanƙyashe cikin kamar mako shida zuwa takwas, jaririn bai fi girman ƙaramin kwabo ba. Ɗaruruwa ake saki don 'yan kaɗan su kai girma, kuma sai a 2021 aka tabbatar waɗanda aka saki sun haihu da kansu a daji. Babba mai lafiya da ya riga ya tsallake duk wannan, kamar wanda ke robarku, yana da tsada a wajen masu wannan aiki.

Tahowa da shi gida kuwa, ka cire wannan daga lissafi. A taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji, da aka yi a Panama cikin Nuwamban 2022 an sa dukkan jinsin Phrynosoma a rukuni na biyu, wato ba a ƙetare iyakar ƙasa da ko ɗaya sai da takardar izinin fitarwa, kuma ba a ba da ita ga dabbar da tun farko aka mallaka ba bisa doka ba. Najeriya ma tana cikin wannan yarjejeniya. Tururuwarmu mai jan hatsi zuwa rami sana'arsu ɗaya da ta Texas, amma jinsinta daban ne, Messor. Ko an warware batun abinci, damina da danshinta ba yanayinsa ba ne, sanyin hunturunmu kuma bai kai wanda zai kwantar da shi wata uku ba.

Yaron kuwa kada a kashe masa sha'awa, abu ne mai kyau. Ya ɗauki hoton ƙadangaren a wurin da kuka sake shi, ku sa a manhajar iNaturalist, masu bincike na jihar suna amfani da irin waɗannan rahotanni wajen sanin inda suka rage. Ku bar gidajen jar tururuwa da ke bayan unguwa ba tare da magani ba, a kuma riƙa tsare kyanwa a cikin gida. In dabbar da zai riƙe a hannu yake so, a saya masa ƙadangare mai gemu na Ostireliya wanda aka haifa a hannu: yana cin gyare da ganye, yana sabawa da mutane, yana kai shekara goma ko fiye, kuma zafi da hasken da na bayyana a sama kusan su yake bukata, sai dai akwatinsa ya fi girma, kamar santimita 120 da faɗin 60. In kuma ɗakin ba shi da fili, tsaka mai kaurin wutsiya ta Afirka ta Yamma, wadda asalinta daga Senegal ne har arewacin Kamaru, ana hayayyafa ta da yawa a Amurka, ba ta bukatar zafi mai tsanani, kuma gyare sau biyu ko uku a mako ya ishi babba.